Mai Gatari a Ƙofar Fada

A watannin farko na shekarar 1591, wani malami ɗan shekara 47 ya baro ƙauyen da yake koyarwa a yankin Okcheon, ya nufi Hanyang, babban birnin daular Joseon ta Koriya, inda Seoul take a yau. Da isarsa ya durƙusa a ƙofar fada, takarda a hannu, gatari a gefensa. Ba sara ya zo yi ba. A al'adar malaman ƙasar, idan mutum ya kawo wa sarki koke haɗe da gatari, to cewa yake yi: ko dai ka karɓi maganata, ko ka sa a fille mini kai da wannan. Sunan malamin Jo Heon.

Kwana uku ya yi a wurin. Abin da takardar ta ƙunsa shi ne, Japanawa na nan tafe da yaƙi, don haka a kashe jakadun da Toyotomi Hideyoshi, mai mulkin Japan, ya aiko, a sanar da daular Ming ta ƙasar Sin abin da ake ƙullawa, a kuma ƙarfafa tsaron gaɓar teku ta kudu tun da sauran lokaci. Sarki Seonjo bai ce masa uffan ba. Da ya ga shirun ya yi yawa, an rubuta cewa ya riƙa buga goshinsa a dutsen gindin ginshiƙi har jini ya wanke masa fuska. Masu wucewa wasu na tausayi, wasu na yi masa kallon wanda ya zautu. Ya ce musu baɗi, idan kuna gudu cikin duwatsu da kwazazzabai, za ku tuna da maganata. Ya naɗe tabarmarsa ya koma ƙauye.

Shekara na zagayowa, ranar 23 ga Mayu, 1592, jiragen Japan suka cika bakin tekun Busan. Mayaƙa kimanin 158,000 Hideyoshi ya ware wa wannan hari, da yawansu riƙe da bindigar toka, kuma mutane ne da suka yi shekara da shekaru suna yaƙin basasa a gida, sun goge. Cikin kwana 20 suka shiga Hanyang. Sarki ya riga ya fice cikin dare ana ruwan sama, ya yi ta nausawa arewa har ya kai Uiju, a kan iyakar Sin. Wata huɗu bayan saukar jiragen, Jo Heon ya mutu a filin daga a Geumsan, shi da ɗansa da mutum 700 da suka ƙi rabuwa da shi.

Yau wurin da aka binne su makeken fili ne da gwamnatin Koriya ta Kudu ke kula da shi, duk ranar 23 ga Satumba ana taruwa a yi bikin tunawa da su, ana kai yaran makaranta su ga kabarin mutum 700. Ba na ƙin wannan, sun cancanta. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda labarin mutuwar ya danne labarin gatarin. Mutuwar ba ta tuhumar kowa sai maharan da suka zo daga ƙetare, shi ya sa kowace hukuma take jin daɗin tuna ta. Gatarin kuwa 'yan gida yake nunawa da yatsa. A ganina, duk wanda zai yi maganar Jo Heon bai tsaya a ƙofar fadar nan ta 1591 ba, ya yi wa mutumin rabin adalci, sauran rabin kuma ya yafe wa waɗanda ba su nemi gafara ba.

An haife shi a Gimpo a 1544, a gidan da ke da asali amma babu abin hannu. Ana ba da labarin yana noma da littafi ajiye a bakin kunya, in ya kai ƙarshen layi ya duba ya koma. A 1567 ya ci babbar jarrabawar shiga aikin gwamnati, wadda a Joseon ita ce ƙofar komai, domin ƙasa ce da malaman tafarkin Konfushiyas, tsohon masanin ƙasar Sin, ke mulki, mai alƙalami yana gaba da mai takobi. Ya yi karatu a wajen Yi I da Seong Hon, manyan malaman zamanin, kuma ƙaunarsa ga Yi I ta kai har makarantar da ya buɗe a Okcheon ya sa mata sunan da ke nufin mai bin sawunsa. A 1574 ya bi tawagar jakadanci zuwa Sin, ya dawo da doguwar takarda ta gyare-gyaren da yake ganin ƙasarsa na buƙata. Amma tun kafin wannan tafiya halinsa ya fito. A 1572, yana ƙaramin ma'aikaci, ya rubuta wa sarki cewa bai dace fada ta riƙa aika turaren wuta zuwa wuraren ibadar mabiya Buddha ba, aka sauke shi daga muƙaminsa. A riƙe wannan batu na turare, zai dawo.

Mutum ne mai wuyar zama. Ba ya ganin abu ya kau da kai, kuma in zai faɗa sai ya kama suna. Ya zargi manyan waziran sarki da cin amanar ƙasa, har aka ce Seonjo ya taɓa sa a ƙona takardarsa don fushi. A 1589 ya fara zuwa da gatari, a kan lalacewar mulki, aka kore shi zuwa Gilju, can arewa mai sanyi. Kafin shekarar ta ƙare aka bankaɗo zargin tawayen Jeong Yeo-rip, mutumin da Jo Heon ya daɗe yana cewa a yi hattara da shi, sai aka sake shi. Da wani ne sai ya koma gida ya yi shiru ya gode wa Allah. Shi tun a hanya ya sake rubuta wata takardar, abin da ya sa sarki ya kira shi da wata kalma mai nufin mugun aljani, ya kuma yi barazanar mayar da shi inda ya fito.

Ga kuma siyasar ɓangaranci. Tun 1575 malaman fada suka rabu gida biyu, 'yan Gabas da 'yan Yamma, kuma sunayen ba wata falsafa ce ta haife su ba, gidan jagoran ɗaya yana gabashin birni, na ɗayan yana yammaci. Jo Heon ɗan Yamma ne, 'yan Gabas kuma su ke da rinjaye. A 1590 sarki ya tura jakadu su je su ƙare wa Hideyoshi kallo. Da suka dawo a 1591, shugaban tawagar, Hwang Yun-gil, ɗan Yamma, ya ce yaƙi na zuwa babu makawa. Mataimakinsa Kim Seong-il, ɗan Gabas, ya ce shi bai ga alama ba. Fada ta ɗauki maganar da ta fi daɗin ji. Daga baya Kim Seong-il ya shaida wa Ryu Seong-ryong, ɗaya daga manyan waziran sarki, cewa ba wai ya tabbata Japanawa ba za su zo ba ne, tsoro ya ji kada hankalin jama'a ya tashi. Wannan uzuri ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa sauraron mai mulki yana bayani bayan an yi ɓarna. Shi dai Kim ya wanke kansa daidai gwargwado, domin da yaƙi ya zo ya tsaya a kudu yana haɗa kan mayaƙa har ciwo ya kashe shi a 1593. Amma shekarar da aka yi asara ta tafi.

Dole in faɗi abin da masu yabon Jo Heon kan tsallake. Shawararsa ta kashe jakadu ba ta da kyau. Ɗan aike ba shi da laifi, wannan kusan duk duniya an yarda da shi, kuma fille kan mutum biyu ko uku ba zai hana Hideyoshi hawa jirgi ba, sai dai ya ba shi hujja. Haka kuma ba gaskiya ba ne a ce fada ba ta taɓuka komai ba: an ɗan gyara ganuwoyi a kudu, kuma a 1591 ɗin ne aka naɗa Yi Sun-sin kwamandan jiragen yaƙi a Jeolla, naɗin da ya zama ceton ƙasar. Amma aikin mai mulki ai shi ne sheƙe tsaba daga ƙaiƙayi. Mutum ya kawo magana uku, ɗaya ta wuce gona da iri, biyu daidai suke, sai aka dubi fuskarsa da ɓangarensa da zafin bakinsa aka haɗa duka aka zubar. Masu faɗin gaskiyar da ba a son ji ba kasafai suke zama mutane masu daɗin sha'ani ba. Mai daɗin sha'ani ya san lokacin da zai yi shiru, shi ya sa yake daɗewa a kujera. In har fada ba za ta saurari gargaɗi ba sai ya zo a bakin mai ladabi kuma ɗan ɓangarenta, to ta toshe kunnenta da hannunta.

Da yaƙi ya ɓarke, rundunar gwamnati ta watse kamar an jefa dutse cikin kaji. An samu waɗanda suka tsaya. Hakimin Dongnae da ke kusa da Busan, Song Sang-hyeon, da Japanawa suka kafa allo suna cewa ko ya yi yaƙi ko ya ba su hanya, ya mayar musu da amsa a rubuce cewa mutuwa a fagen fama abu ne mai sauƙi, ba da hanya ne mai wuya. Da garin ya faɗi ya ɗora rigar fada a kan sulkensa, ya zauna har aka kashe shi. Amma da yawa daga masu riƙe da garuruwa ƙafa suka ba wa iska. Abin da ya rage wa ƙasar shi ne jiragen Yi Sun-sin a teku, da 'yan sa-kai a tudu, waɗanda Koriyawa ke kira uibyeong, rundunar masu gaskiya: malaman ƙauye, ɗalibansu, manoma, har da bayi.

Jo Heon ba shi da muƙami a lokacin, kuma da ya zauna a gida babu mai ganin laifinsa, tun da ya faɗa an ƙi ji. Bai tsaya cewa ai na gaya muku ba. Ya aika da takardun kira, ya tara kimanin mutum 1,600. Ya haɗu da wata runduna ta 'yan zuhudun addinin Buddha ƙarƙashin jagorancin Yeonggyu, suka ƙwato birnin Cheongju daga hannun Japanawa. Malamin da ya rasa aikinsa saboda ƙin turaren Buddha, ga shi kafaɗa da kafaɗa da masu ƙona turaren, kuma shaidu sun nuna 'yan zuhudun sun yi rawar gani a wannan yaƙi.

Nan ne abin takaici ya sake kunno kai. Gwamnan lardin Chungcheong, Yun Seon-gak, bai ji daɗin ganin wani malami marar muƙami yana yin abin da shi ya kasa ba. Mutumin da ya saba rubuta wa sarki sunayen masu sakaci, in ya isa gaban sarki da nasara a hannu, me zai ce game da gwamnan? Aka shiga matsa wa 'yan sa-kan lamba, har da tsare iyaye da matan waɗanda suka bi shi, da hujjar cewa rundunar gwamnati ya kamata su shiga. Mutane suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba, wa zai bar tsohuwarsa a kurkuku. Da ƙura ta lafa saura 700. Wato kafin Japanawan da ke Geumsan su taɓa wannan runduna, hukumar ƙasarta ta riga ta cinye fiye da rabinta.

Da waɗannan 700 ya nufi Geumsan, inda sojojin kwamandan Japanawa Kobayakawa Takakage suka yi sansani suna neman hanyar shiga Jeolla, rumbun abincin ƙasar. Wata guda kafin nan, wani malamin, Go Gyeong-myeong, ya kai hari wurin da dubban mutane, ya mutu shi da ɗansa. An shirya Jo Heon zai haɗu da rundunar Gwon Yul, kwamandan sojojin gwamnati a Jeolla, su auka tare ranar 18 ga watan takwas na kalandarsu. Gwon Yul ya aiko da wasiƙa a ɗage ranar, amma Jo Heon ya riga ya iso dab da garin. Yeonggyu ya ba shi shawara a dakata sai taimako ya zo. Ya ƙi, yana cewa sarki na cikin wahala, bawan sarki ba shi da ta cewa sai mutuwa. Yeonggyu ya ce to ba zai bar shi ya mutu shi kaɗai ba, ya bi shi da nasa mutanen.

Japanawa sun gane babu wata runduna a bayansu, suka fito suka kewaye su a fili. Sau uku suna kawo hari ana mayar da su, har kibau suka ƙare, aka koma gaba da gaba da abin da hannu ya samu. Ɗansa Wan-gi, in ji masu tarihin fada, ya sa tufafi masu ɗaukar ido da gangan don maƙiya su zaci shi ne shugaban su bar mahaifinsa. Suka kuwa zata, suka daddatsa gawarsa. Kafin rana ta faɗi babu wanda ya rage a tsaye. Bayan kwana huɗu ɗalibansa biyu, Park Jeong-ryang da Jeon Seung-eop, suka zo suka tattara gawarwakin suka binne su a rami ɗaya, suka tara ƙasa a kai.

Na daɗe ina juya wannan rana a raina, kuma har yanzu ban iya yaba ta da zuciya ɗaya ba. Masu kare shi suna cewa Japanawa sun yi asara mai yawa, ba a jima ba suka janye daga Geumsan, kuma a wannan zagaye na yaƙin ba su samu Jeolla ba. Haka ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne, don da rumbun ya faɗa hannunsu da jiragen Yi Sun-sin sun rasa gindin zama. Amma Geumsan ba ita kaɗai ta tsare Jeolla ba, akwai turjiyar da aka yi a mashigan Ungchi da Ichi, akwai kuma nasarorin teku. Sannan ran da mutum zai ce ya sadaukar nasa ne. Gatarin 1591 wuyansa kaɗai ya ɗora a kai, wannan jarunta ce tsantsa da babu mai ja da ita. A Geumsan kuwa wuyan mutum 700 ya ɗora tare da nasa, kowanne da gona da iyali, alhali jinkirin 'yan kwanaki na iya kawo dubban mataimaka. Gwak Jae-u, wani shugaban 'yan sa-kai a kudu, yaƙin sari-ka-noƙe ya riƙa yi a bakin koguna, ya hana Japanawa sakat, ya kuma rayu har bayan yaƙi. Taurin kan da ya sa Jo Heon ya fi kowa gani a ƙofar fada, shi ne ya hana shi jin shawarar Yeonggyu. Wanda aka ƙi saurara shi ma ya ƙi sauraro. Sai dai in za a raba laifin, ina tambaya: wa ya mayar da 1,600 suka koma 700, kuma wa ya koya wa mutumin nan, shekara 20 cur, cewa jiran hukuma ɓata lokaci ne?

Yaƙin ya ƙare a 1598 bayan mutuwar Hideyoshi. A 1604 fada ta fitar da jerin waɗanda za a saka wa. Waɗanda suka raka sarki gudu zuwa Uiju, mutum 86 aka karrama, 24 daga cikinsu babannin fada ne, har da masu riƙe linzamin doki. Waɗanda suka yi yaƙi, mutum 18. A cikin 18 ɗin babu Jo Heon, babu Go Gyeong-myeong, babu Gwak Jae-u. An jefa sunan Jo Heon cikin wani jeri na biyu mai ɗauke da dubban sunaye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: Seonjo ya dage cewa sojojin Ming ne suka ceci ƙasar, kuma shi da 'yan rakiyarsa ne suka je suka roƙo su, don haka gudun ma ya zama dabara. In aka ɗaukaka 'yan sa-kai, an yarda ke nan talakawa sun tsaya a inda sarki ya gudu. Wani jagoran nasu, Kim Deok-ryeong, a 1596 aka ƙulla masa sharrin tawaye, ya mutu a hannun masu azabtarwa na sarkin da yake karewa.

Girma ya zo daga baya, lokacin da duk wanda maganar za ta sosa ya riga ya kwanta dama. A 1734 aka ba gawarsa muƙamin babban waziri. A 1883 Sarki Gojong ya sa sunansa cikin malamai 18 na Koriya da ake girmamawa a ɗakin Konfushiyas, wanda shi ne ƙololuwar darajar da malami zai samu a wannan ƙasa, shekara 291 bayan Geumsan. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da ya faru shekara bakwai kacal kafin wannan karramawa. A 1876, da Japan ta zo da jiragen yaƙi tana tilasta wa Koriya sa hannu a yarjejeniyar Ganghwa, wani malami mai suna Choe Ik-hyeon ya ɗauki gatari ya durƙusa a ƙofar fada, yana bin sawun Jo Heon. Gojong ɗin nan dai ya kore shi zuwa tsibirin Heuksando. Mai gatarin da ya mutu an kai shi ɗakin waliyyai, mai gatarin da ke numfashi an kai shi tsakiyar teku, kuma hannu ɗaya ne ya sa hatimi a takardun biyu. Choe Ik-hyeon ya tsufa ya tara nasa 'yan sa-kan a 1906, aka kama shi, ya mutu a tsare a tsibirin Tsushima na Japan a farkon 1907. A 1910 Japan ta haɗiye Koriya gaba ɗaya.

'Yan mulkin mallakar sun fi sarakunan Joseon sanin nauyin kabarin Geumsan. A 1940 'yan sandansu suka rushe ɗakin tunawar, suka fasa allon dutsen da aka rubuta labarin yaƙin a kai da nakiya. Mutanen yankin suka bi suka tsince gutsattsarin suka binne a ɓoye, bayan samun 'yanci a 1945 aka tono su, daga baya aka harhaɗa. A 1952, ana tsakiyar wani yaƙin, na Koriya ta Arewa da ta Kudu, jama'ar Geumsan suka yi karo-karo suka gyara kabarin da kuɗin aljihunsu. Sai a 1963 gwamnati ta ayyana shi wurin tarihi na ƙasa. Ɗalibai ne suka binne su, talakawa suka adana dutsen, hukuma ta iso a ƙarshe da allon suna.

Ko lissafin da ke kan allon ma akwai magana. Adadin 700 na mutanen Jo Heon ne kawai. 'Yan zuhudun da suka bi Yeonggyu, waɗanda suka mutu a fili ɗaya a rana ɗaya, ɗaruruwa ne su ma, amma ba su shiga ƙidayar da ta zama sunan wurin ba. A Joseon ɗan zuhudu mutum ne na ƙasa-ƙasa, doka ma ta hana shi shiga babban birni, kuma ba a ɗage wannan hani ba sai 1895. Malaman Konfushiyas ne ke riƙe da alƙalami, suka ƙirga nasu. Mabiya Buddha a Koriya sun daɗe suna ƙorafi a kan haka, suna neman a gyara lissafin. An dai ajiye allon sunan Yeonggyu a ɗakin tunawar, kusa da na mutumin da ya ƙi jin shawararsa. Sauran da suka biyo shi daga gidajen ibadarsu na kan duwatsu, ko sunayensu ba a rubuta ba.